Sallamar da Na Amsa a Bikin Turawa

Da maigidana ya gyara min murfin akwatin nan, cewa ya yi in tafi, ko kuwa cewa ya yi ya gani, kada in tafi? Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi. Mun yi sama da shekara hamsin a gida ɗaya bayan haka, ban tambaye shi ba, kullum sai in ce gobe. Yanzu damina biyu ke nan yana kwance a maƙabarta, Allah ya jiƙansa, ni kuma ga ni, ga akwatin a ƙarƙashin gadona.

Ni ban yi boko ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. 'Yata ce ke rubuta wannan a wayarta, ta ce akwai masu karantawa. Na ce mata in na tsaya ina kuka ta jira ni, kada ta rubuta kukan.

Shekarun baya, lokacin garin nan namu Abuja ake ce masa, tun ba a ɗauke sunan an kai can aka bar mu da Suleja ba, muna zaune a unguwar Wambai ni da maigidana. Wata bakwai da aurenmu yaƙin basasa ya tashi, ya shiga soja. Kafin ya tafi, mutum ne mai baki. Tun daga bakin lungu yake ɗauko sallama, yana jan ta kamar mai kiran salla, har tsofaffin unguwa suna ce masa ya rage murya, ba shi kaɗai ya taɓa yin aure ba. Ni kuma in amsa daga bakin murhu ina dariya.

Bayan shekara uku ya dawo. Babu inda aka harbe shi, ƙafa biyu, hannu biyu, mutane suna ta yi min barka. Amma bakin nan a can ya baro shi. In zai shigo gida gyaran murya kawai yake yi. In na ajiye abinci ya ɗauka ya shige ɗakin da ke kusa da zaure, ya ja ƙofa, sai in ji sakata ta faɗa. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa ɗaga min hannu ba, hatsi bai taɓa yankewa a gidan ba. Magana ce dai babu, sai "to" da "a'a". Ni 'yar ƙauyen Zuma ce, a gindin dutsen nan na girma, na san fuskar da ke jikinsa wadda take kallonka ba ta cewa komai. Irin ta nake gani a tsakar gidana safe da yamma.

Ya koma sana'ar mahaifinsa, kafinta, ya samu aiki a wata makarantar sakandare a bayan gari, gyaran benci da tagogi. Abin da ya fi so ya yi shi ne sakata, irin ta ƙarfe mai faɗawa cikin rami a ƙasa. Ya sa wa ɗakinsa, ya sa wa nawa, ya sa wa bayi, ya sa wa ɗakin girki. Kuma duk sakatarsa ta ciki ce. Ban taɓa ganin ya sa ta waje ba.

Shekara uku muna haka. Babu haihuwa, don ba ta inda za ta zo. Mata suka fara yi min jaje da ido a gidajen suna. Ran nan yayana ya shigo gari cin kasuwa ya biyo ta gidan, ya tambaye ni lafiya, na buɗe baki zan ce lafiya sai kuka ya riga ni. Ya zauna ya saurare ni tsaf. Ya ce shi bai ga laifin maigidana da zai kai ƙara a kansa ba, mutumin da ba ya duka ba ya zagi, amma ba zai bar ƙanwarsa ta tsufa tana magana da katanga ba. Ya ce ran Lahadi da hantsi zai zo ya tafi da ni gida, sauran magana manya su yi ta. Na ce to. Ran Alhamis na shirya kayana a akwatin katakon da aka kawo ni da shi. Murfinsa ya daɗe da ɓallewa, sai na ɗaure shi da igiya, na tura ƙarƙashin gado. Ban gaya wa maigidana ba. Ta ina ma zan fara?

Muna da maƙwabta a gidan da ke jikin namu, mutanen wajen Jos ne, Kiristoci, haya suke yi. Mijin malamin lissafi ne a makarantar da maigidana ke aiki, ƙato mai tumbi, matar kuwa Madam muke ce mata. Katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce, ta kanta muke musayar gishiri da labari. Ita ta fara ba ni labarin wasan. Ta ce akwai Baturiya malamar Turanci a makarantar, ta zo da wani littafi daga ƙasarsu, wasan ban dariya a kan ranar biki da komai ya rikice, malamai da ma'aikata za su yi shi ran Asabar bayan azahar a gaban iyayen yara. Mijinta ne ango. Ta ce wata guda ke nan yana haddar Turanci a bayi, kaji ma sun haddace.

Ta ce min wasan gaba ɗaya a kan ƙofofi yake tafiya, kuma maigidana aka sa ya yi su. Baturiyar ta ce masa ƙofofin ƙarya take so, na falanki marar nauyi, a dai gani daga nesa a ce ƙofa ce. Shi kuwa ya yi su da katako na gaske, har ɗan ɗakin ajiyar da ango zai ɓuya a ciki ya yi masa bango huɗu da rufi, ya kuma sa wa kowace ƙofa sakata. Baturiya ta sa aka ce masa ya cire. Madam ta ce ranar ce mijinta ya fara jin maigidana ya haɗa magana mai tsawo. Cewa ya yi shi ba zai sa hannunsa a ƙofar da mutum ba zai iya rufe kansa a bayanta ba. Da aka rasa yadda za a yi da shi, sai aka yarda ya ɗaga kowace sakata sama ya ɗaure ta da zare.

Madam ce ta tare shi a ƙofar gida ta roƙa ya bar ni in raka ta. Ya gyaɗa kai. Ni kuma na ce a raina, tunda gobe zan bar garin, bari in ga abin da ban taɓa gani ba.

Babban ɗakin taro ne, cike maƙil. Manya a kujerun gaba, malamai da matansu, Yarabawa da Inyamurai 'yan kasuwa, mutanen Binuwai, namu na cikin gari da manyan riguna. Mu matan ma'aikata aka ba mu benci can baya kusa da taga. Na ja mayafina na takure. A gaba an yi wani dakali mai tsawo na katako, an rufe shi da jan labule tun daga sama har ƙasa. Na tambayi Madam ko gawa ce a bayansa. Ta yi dariya har ta dafa ni.

Da aka ja labulen nan, wallahi sai na ga abin mamaki. Ɗaki ne sukutum, da kujeru da tebur da agogon bango, da fitilu a kunne da rana tsaka, da taga wadda kake hango lambu ta cikinta, ashe fenti ne. Amma ɗakin bango uku gare shi. An cire na huɗun, mu duka muna zaune muna kallon cikin gidan mutane, su kuma suna harkarsu kamar babu mu. Kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai, don ban taɓa leƙen ɗakin wani ba. Madam ta zungure ni ta ce in kalla, don kallon aka yi shi. Na ɗago sai idona ya sauka a kan ƙofofin. Guda uku ne, ɗaya a hagu wadda ake shigowa daga waje, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya ta ɗakin ajiya. An shafa musu farin fenti suna sheƙi. Na san hannun da ya yi su. Shekara uku ina ajiye wa hannun nan tuwo, ban san yana iya yin abu mai kyau haka ba.

Turanci suke yi, ban ji ko kalma ba, Madam ke raɗa min. Wai safiyar biki ce, ango ya yar da zoben aure a gidan su amarya, ya saɗaɗo ya nema. A al'adarsu kuma haramun ne ango ya ga amarya kafin a je coci, ga uwar amarya mafaɗaciya. Da ya ji motsinta sai ya faɗa ɗakin ajiya. Wannan kam na gane ba sai an fassara min ba, kunyar surukai ce, ashe Turawa ma suna da ita. Mijin Madam ya fito cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan, ta ce min, "Dube shi. Ranar aurenmu ma bai yi wanka haka ba."

Amaryar wata Bayarabiya ce mai buga takardu a ofishin makarantar, an sa mata farar riga har ƙasa da farin mayafi kamar gidan sauro. Akwai limamin coci, akwai mai kawo kek mai hawa uku wanda duk inda ya ajiye shi sai wani ya kusa zama a kai. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ƙofofin. Wannan na rufewa waccan na buɗewa, uwa ta fita ta dama, ango ya leƙo ta tsakiya, liman ya shigo ta hagu, ango ya koma. Babu wanda ya haɗu da wani, alhali tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba. Kamar mata uku suna lugude a turmi ɗaya, taɓarya ba ta karo da 'yar'uwarta. Na manta da mayafina, na manta da akwati, na manta da Lahadi. Na ji wata tana dariya da ƙarfi kusa da ni, ashe ni ce.

Ana cikin haka uwar amarya ta shigo ba zato, ango ya yi tsalle ya faɗa ɗakin ajiya, ya buga ƙofar da duk ƙarfinsa. A cikin dariyar mutane sai na ji wata 'yar ƙara, ƙarfe ya faɗa cikin rami. Na tabbata duk ɗakin taron nan ni kaɗai na san ta, don ita nake ji kowace magariba a gidana. Zaren ya tsinke. Na kama hannun Madam na ce mata mijinta ya rufu. Ta ce a'a, yanzu zai fito, a nan ne zai ci karo da kek.

Bai fito ba. Amarya ta faɗi maganarta ta juya tana kallon ƙofa, shiru. Ta sake faɗa. Ƙofar ta girgiza, aka ji ana kokawa da ƙarfe a ciki. Daga baya muka ji cewa a cikin duhu ya laluba ya kama sakatar, maimakon ya ja ta sama sai ya finciko ta gefe da ƙarfin tumbi, ta lanƙwashe a cikin ramin. Mutane suna ta dariya, sun ɗauka duk cikin wasan ne. Amarya ta faɗi maganar nan karo na uku. Sai aka ji ango daga ciki, da Hausa, a hankali kamar mai roƙon gafara: "Don Allah a kira kafinta."

Madam ta ce, "Wannan kam ba ya cikin littafi. A bar shi ya ɗan yi gumi, ko tumbin ya ragu."

Baturiyar tana zaune a gefen dakalin da littafi a cinya, fuskarta ta yi ja wur. Ta miƙe tana ɗaga hannu tana kiran wani a bayan labule. Can sai ga maigidana a bakin ƙofar hagu, da kakinsa na aiki da hula, guduma a hannu ɗaya, kurfin sassaƙa a ɗayan. Ƙofar a buɗe take, taku ɗaya zai yi ya shiga. Baturiya tana ta yi masa alama ya yi sauri. Shi kuwa ya dubi cikin ɗakin, ya ga kujeru, ya ga matan mutane biyu a tsaye, ɗaya ma amarya. Sai ya sunkuya ya cire takalmansa, ya jera su a gefe, ya miƙe ya ce, "Salamu alaikum."

Ba da ƙarfi ya faɗa ba, amma ɗakin taron ya yi tsit. Shekara shida rabona da in ji sallamar nan, uku yana can, uku yana nan. Duk tsawon lokacin amsar tana bakina, na rasa inda zan ajiye ta.

Babu wanda ya amsa. Amarya ba ta jin Hausa sosai, ta tsaya da furanni a hannu. Uwar amarya ta buɗe baki ta rufe. Mai yin limamin coci ya san amsar sarai, a garin nan ya girma, amma Baturiya ta gargaɗe su kada wanda ya faɗi kalmar da ba ta cikin littafi, sai ya tsaya yana kallonta, ita kuma tana kallon maigidana, ba ta san me yake jira ba. Manyan da ke kujerun gaba suka ɗauka wannan ma cikin wasan ne, suna jira su ga abin da Turawa suka tsara.

Maigidana ya sake yin sallamar, wannan karon da ɗan ƙarfi, har ya ɗan ja ta a ƙarshe kamar yadda yake yi a bakin lungu. Shiru.

Ni na san abin da zai biyo baya. Sau uku ake yi, in ba a amsa ba mutum ya juya. Na ga ƙafarsa ta fara laluben takalmi. Na kuma san in ya juya a gaban jama'ar nan, gida zai tafi ya ja ƙofa, kuma ba na jin wani zai ƙara jin muryar nan. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko a gaban ƙanen mijina ba na ɗaga murya, sai na ji kaina daga can bayan ɗakin, ta kan hulunan manya, ina cewa, "Wa alaikumus salam. Bismillah, shigo."

Kowa ya waiwayo. Ni ban ga kowa ba sai shi. Ya juyo yana bin benci-benci da ido har ya same ni a tsaye kusa da taga, mayafina ya zame a kafaɗa. Ya dube ni. Ba irin kallon dutsen nan ba, kallon mutum. Sannan ya sa ƙafar dama ya shiga.

Ɗakin taron ya fashe. Wani alhaji a gaba sai da aka riƙe shi don kada ya faɗo daga kujera. Maigidana kuwa kamar ba da shi ake ba. Ya russuna ya gaida uwar amarya, ya tambaye ta gajiyar biki. Ya dubi amarya ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Ya kewaye kek ɗin a hankali, ya tsuguna a bakin ƙofar tsakiya, ya ƙwanƙwasa ya ce wa na ciki ya ja baya. Ban taɓa ganinsa yana aiki ba sai ranar. Bugu kaɗan ya yi a sama, kaɗan a ƙasa, ya zare ƙarafan da ke riƙe da ƙofar, ya ɗaga ta sama gaba ɗaya ta fito daga ramin. Ango ya tuntsuro waje sharkaf da gumi, kwat ta yage a baya tun daga wuya, ya yi taga-taga ya dafa tebur, kek ya karkata, liman ya rungume shi da hannu biyu.

Maigidana ya ɗora ƙofar a ka zai fita. A bakin ƙofar hagu ya tsaya ya ce musu a tashi lafiya. Daga inda nake ina hango fuskarsa a ƙarƙashin katakon. Kafaɗunsa suna girgiza, ya cije leɓe, hawaye na bin kumatunsa. Da farko na tsorata. Sai na ga haƙoransa. Dariya yake yi, yana ɓoye ta a ƙarƙashin ƙofa.

Haka aka ƙarasa wasan babu ƙofar tsakiya. Duk lokacin da ango zai ɓuya sai ya shiga ɗakin ajiya ya tsaya a fili yana rufe fuska da hula, uwar amarya kuma ta wuce ta gabansa ta yi kamar ba ta gan shi ba. An dai ɗaura auren a ƙarshe, an samu zoben, ban ma tuna a ina ba. Mutanen gari da yawa har suka mutu sun yarda cewa kafinta da matar da ta amsa duk a littafin Baturiya suke. Baturiyar ma an ce ta nemi a sake yin haka in za a maimaita wasan, ya ce a'a, zare zai canja.

A hanyar gida tsoro ya dawo min. Na ɗaga murya a gaban maza, a wurin aikinsa. Madam tana ta tsokanata, wai gobe za a ba ni albashin 'yan wasa. Na ɗora tukunya, na tuƙa tuwo, na zauna a bakin murhu ina jiran gyaran murya. Ana gab da kiran magariba na ji takunsa a zaure. Ya tsaya. Sai ya yi sallama, a ƙofar gidansa. Na amsa. Ya shigo, ya yi salla, na ajiye abinci inda na saba. Bai ɗauka ya shige ba. Ya janyo tabarma ya zauna a tsakar gida, ya ci loma biyu, ya ce, "Malamin nan ya lanƙwasa min sakata." Ya ƙara loma ɗaya, dariya ta sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Iyakar hirarmu ke nan a ranar, amma ni ta ishe ni.

Da gari ya waye, yana masallaci, na janyo akwatin zan kwance kayana kafin ya gani. Babu igiya a jikinsa. An naɗe ta tsaf an ajiye a kai. Murfin yana buɗewa yana rufewa da sababbin ƙarafa, an kuma sa masa hannaye biyu na fata a gefe da gefe, irin na ɗauka. Kayana suna ciki yadda na jera su, ko ɗankwali bai goce ba. Ga ɗan garin katako a ƙasa. Ranar Juma'a na je gidan suna na wuni, ba shakka a ranar ya yi, kafin wasan ke nan. Na zauna a ƙasa na rungume akwatin, na yi kukan da ban yi ba ranar da ya tafi yaƙi.

Yayana ya zo da hantsi kamar yadda ya ce. Maigidana ne ya tare shi a zaure, ya shimfiɗa masa tabarma, ya tambaye shi ruwa da shuka. Da yayan nawa ya shigo wurina idonsa a waje, ya raɗa min wai mutumin nan magana yake yi. Ya tambayi kayan, na ce babu kaya. Ya dube ni ya dubi ƙarƙashin gado, ya ce, "Ke dai kin sa na bar gona a banza." Na dama masa fura, ya sha ya tafi yana mita. Har ya rasu bai ƙara tayar da maganar ba.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ranar nan ta warkar da shi. Ba haka ba ne. Akwai watannin da shirun yake dawowa. Bai taɓa gaya min abin da ya gani a can ba, ni ma ban tambaya ba. Sakatar ɗakinsa sai bayan haihuwar wannan da ke rubutawa ya cire ta, ita ce 'yar fari a cikin 'ya'yanmu shida. Amma daga ranar bai sake shigowa gidan nan da gyaran murya ba. Ko fushi muke yi sai ya tsaya a zaure ya yi sallama, ni kuma ko ban so ba sai na amsa, don ba a barin sallama a ƙasa. Sau da yawa a nan fushin yake ƙarewa.

Har yau abin yana ba ni mamaki. An kai shi wurin masu addu'a, an ba shi rubutu ya sha, an yi masa turare. Ashe Allah ya ajiye abin a cikin littafin wata mata da ta taso daga bayan teku, da wani zare da bai yi ƙwari ba, da tumbin malamin lissafi. Ban san sunan wasan ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Ina dai yi masa fatan alheri duk inda yake, shi da ya zauna ya ƙirƙiro ɗaki mai bango uku don mutane su yi dariya. Madam da mijinta sun koma garinsu tun tuni, na ji labarin rasuwarsu dukansu. Yanzu in magariba ta gabato har yanzu kunnena yana zaure. Jikoki su shigo da sallamarsu in amsa, amma ba ita nake jira ba.

Ciwonsa na ƙarshe bai yi tsawo ba, kwana tara ne, a gida. Ranar da zai tafi, bayan azahar, yara sun fita tsakar gida, ni kaɗai ce a gefensa ina yi masa fifita. Na yi niyyar tambayarsa zancen akwatin, wallahi har na buɗe baki. Sai ya buɗe ido ya dube ni, irin kallon da ya yi min ta kan hulunan mutane, ya laluba ya kama bakin mayafina. Na sunkuya kusa da bakinsa, ya ce:

"Biyu na yi ranar nan. Da kin bari na yi ta uku, da na juya."